Littattafan da suka ɓace tun zamanin da sun hana ni barci

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Matsalata in na faɗa wa mutane dariya suke min shi yasa na kawo ta nan. Wata huɗu kenan da na karanta cewa Sofokilis, marubucin wasan kwaikwayon nan na tsohuwar Girka, ya rubuta wasanni sama da 120 amma bakwai kacal suka iso gare mu. Tun ranar na shiga tono, kullum dare ina kan waya ina bin sunayen littattafan da suka ɓace, har littafin rubutu na ware ina lissafa su. Abin ya zame min kamar zaman makoki, in na tuna ɗakin karatun Iskandariya da aka ƙona sai in ji zuciyata na tafasa. Nima ina ɗan taɓa rubuta waƙoƙi amma na ajiye, don ina ganin in irin waɗannan manyan sun ɓace to ni wane ne. Matata tace in nemi abin yi. Ya zan yi in haƙura?

Daga wani ƙaninka

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai ban yi dariya ba, don ciwon nan ya taɓa kama ni, nawa a kan Libi ya fara, mutumin da ya rubuta tarihin Rum a juzu'i 142 kuma yau 35 ne a hannun mutane. Na yi kwanaki ina jin kamar an shigo an min sata, alhali kayan ba nawa ba ne kuma an yi satar tun kafin a san za a haifi kakan kakana. Saboda haka na san abin da kake ji. Amma akwai tambaya ɗaya da na so a ce wani ya min a lokacin, kuma zan maka ita yanzu ka riƙe ta a ranka har mu kai ƙarshe: cikin bakwai ɗin da suka iso, nawa ka karanta? Baka faɗa a wasiƙarka ba, kuma inaga na san dalili.

Mu fara da wutar Iskandariya tunda ita ke tafasa maka zuciya. Gaskiya wannan labarin na cewa dare ɗaya aka cinna wuta ilimin duniya ya tashi a hayaƙi, daɗin faɗa gare shi amma ba haka abin ya faru ba. Eh, a shekara ta 48 kafin miladiyya Yuliyas Kaisar ya sa wa jiragen ruwa wuta a tashar birnin, wutar ta tsallaka ta ci littattafai, wannan an rubuta shi. Amma bayan haka malamai sun ci gaba da aiki a garin shekaru aru-aru. A 391 miladiyya aka rushe haikalin Sarafiyum inda reshen ɗakin karatun ya taɓa zama. Shi kuma labarin da ake jingina wa Amru ɗan Asi cewa ya sa an hura wutar gidajen wanka da littattafai, sai bayan sama da shekara 500 da cin Masar aka fara ganinsa a rubuce, masana tarihi basu yarda da shi ba. Abin da ya cinye ɗakin karatun nan a hankali ya cinye shi, sarakuna suka daina zuba kuɗi, malamai suka watse, yaƙe-yaƙe suka lalata unguwar, takardu suka rube ba wanda ya sake kwafa.

Kuma nan ne maganar take, kwafa. Mu da muka taso muka ga injin buga littafi bama gane wannan da sauri. A da littafi ba abu ba ne da za ka ajiye a kanta ka dawo bayan shekara dubu ka same shi. A kan fafiras ake rubutu, wata takarda da ake yi da ciyawar bakin kogin Nilu, a naɗe ta kamar tabarma, kuma in ba a busasshiyar ƙasa irin ta Masar ba, danshi da asu da ɓera ba sa barinta ta daɗe. Kenan duk littafin da kaga ya rayu, wani ne ya zauna ya kwafe shi da hannu harafi bayan harafi kafin tsohon ya mutu, wani kuma ya sake kwafe nasa, haka haka har shekara dubu biyu, kuma in aka samu zamani ɗaya tak da ba wanda ya damu ya kwafa to shikenan zancen ya ƙare, ba wuta ba maƙiyi ba kowa. Sau biyu ma aka yi babban tankaɗe. Na farko lokacin da aka bar naɗaɗɗiyar takarda aka koma littafi mai shafuka na fata, wajen ƙarni na 4 abin ya kankama, fata kuma tsada gare ta don littafi ɗaya babba sai ya ci garken dabbobi, dole a zaɓi abin da za a kwafa. Na biyu a ƙarni na 9 da marubutan Girkanci suka canza salon haruffa daga manya zuwa ƙanana, abin da ba a juya zuwa sabon salon ba yawanci nan ya tsaya. Bakwai ɗin Sofokilis da bakwai ɗin Askilos, wani marubucin wasan na Girka, galibin masana na ganin zaɓin makaranta ne, su ake koya wa yara shi yasa aka yi ta kwafarsu.

Kaga kenan ba ka da wanda za ka riƙe da fushi a yawancin asarar nan. Na san wannan ba daɗi, fushi ya fi sauƙin ɗauka in akwai fuskar da za ka ɗora masa. Akwai wuraren da fuskar take fa, ban ce babu ba. A 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diyego da Landa, ya tara littattafan mutanen Maya a garin Mani na ƙasar Meziko ta yau ya ƙone, kuma shi da kansa ya rubuta cewa abin ya yi wa mutanen ciwo sosai, yau littattafansu huɗu ne suka rage a duniya gaba ɗaya. Wannan in ka yi fushi ban hana ka ba. Amma Sofokilis ba wanda ya ƙone shi, mantawa aka yi.

To juya lissafin ka gani. Kai kana ƙirga abin da ya faɗi a hanya, ni kuma abin da ke ban mamaki yanzu shine yadda aka yi wani abu ma ya iso. Ɗauki Yurifidis, shi ma marubucin wasa ne na Girka, wasanni wajen 90 ya rubuta, 18 ko 19 muke da su, ya fi Sofokilis da Askilos in an haɗa. Kasan dalili? Tara daga ciki ba wanda ya zaɓe su don kyau, wani kundi ne na dukkan ayyukansa da aka jera bisa haruffa, sai wani yanki nasa ya tsira shi kaɗai, shi yasa sunayen wasannin tara duk da haruffa huɗu da ke kusa da juna suke farawa a Girkanci, kuma ta hanyar wani kwafi na ƙarni na 14 da ke birnin Fulorans na Italiya yanzu suka zo mana. Da wannan yankin ya jiƙe a wata damina da babu su. Ita kuma Safo, mawaƙiyar tsibirin Lesbos wadda mutanen wancan zamanin suka ɗauka a sahun gaba, malaman Iskandariya sun tara waƙoƙinta a juzu'i takwas ko tara, yau layi wajen 650 ya rage yawanci a yayyage, kuma waƙarta da ta iso cikakkiya ba don an adana diwaninta ba ne, wani malamin balaga ne mai suna Diyonisiyas yana koyar da yadda ake jera kalmomi su yi santsi sai ya kawo ta a matsayin misali, ya kwafe ta duka maimakon ya yanko baiti biyu. Wallahi duk sanda na tuna mutumin nan sai in ji kamar in masa godiya, ƙila ranar ma sauri yake.

Ba zan maka ƙarya in ce ai mafi kyau ne suka tsira, wanda ya ɓace dama tarkace ne. Mutane na faɗar haka don su kwantar da hankali amma ba gaskiya ba ne. Wasan Sofokilis na Sarki Idifas, wanda masanin falsafa Aristo ya riƙa kafa misali da shi, na biyu ya zo a gasar da aka nuna shi, wani Filokilis ne ya yi na ɗaya, kuma ba mu da wasansa ko ɗaya. Ko alƙalan ne suka yi son kai ko kuwa akwai abin da ya fi Idifas a ranar, ba mai iya faɗa maka. Shi kansa Aristo, littattafan da ya gyara ya fitar wa jama'a, waɗanda Sisaro, marubucin Rum, ya kwatanta zubinsu da kogin zinariya, sun tafi, abin da muke karantawa yau ya fi kama da takardun darasinsa na makaranta. Sisaro ma yana da wani littafi, Hotensiyas, da Agustin, babban malamin Kirista, ya ce shi ya juya masa rayuwa yana saurayi ya sa shi neman hikima, mun san abin da littafin ya yi wa mutum amma littafin babu. Irin wannan asara ce ta gaske kuma ba a ɓari a kwashe duka.

Sai dai kuma kar ka mayar da duk abin da ya ɓace zinariya don kawai baka gan shi ba. Akwai wani malami a Iskandariya, Didimas, da aka ce ya rubuta littattafai 3,500 wasu ma suka ce 4,000, har laƙabi aka masa na mai mance littafi don yakan musanta magana a nuna masa cewa shi ya rubuta ta a wani littafin nasa. Sanika, wani masanin falsafar Rum, ya yi masa ba'a yace da karanta su kawai ya yi ma abin tausayi ne balle rubutawa. Suna cikin jerinka? In duk suka dawo gobe, tsakaninka da Allah guda nawa za ka buɗe? Littafin da ya ɓace ba ya gundurar kowa, ba shi da shafi mai tsawo mara daɗi, ba ya neman ka zauna ka yi wahalar fahimta, kai ke cika shi da abin da ranka ke so. Shi yasa son sa ya fi sauƙi a kan son wanda ke kan tebur yana jiran a karanta.

Wani abu da ya taimake ni sosai shine gane cewa ba mu muka fara wannan kukan ba. Abu Amru ɗan Ala'i, ɗaya daga cikin malaman ƙira'a bakwai kuma masanin harshen Larabci, tun a ƙarni na 8 yake cewa abin da ya iso na maganar Larabawa ɗan kaɗan ne, da ya zo a cike da an samu ilimi da waƙa mai yawa. Ibnu Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya zauna a 987 ya jera duk littafin da ya gani ko ya ji labarinsa a kundinsa mai suna Fihrisa, yau in ka buɗe za ka yi ta wuce sunaye shafi bayan shafi waɗanda sunan ne kawai ya rage. Amma wanda nake so ka riƙe shine Hunainu ɗan Ishaƙa, babban mai fassara na Bagadaza da ya rasu a 873. Akwai wani littafin Jalinus likita a kan hujja da yake nema ido rufe, ya faɗa da bakinsa cewa ya bi Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har ya kai Iskandariya bai samu ba, sai a Dimashƙa ya tarar da kusan rabinsa, shi ma ba a jere ba. Me ya yi? Ya zauna ya fassara rabin. Bai ce tunda babu cikakke ya fasa ba. Kuma abin da zai baka haushi ya baka dariya, littafin ya sake ɓacewa bayansa, guntaye ne kawai a bakin masu ambato. Amma irin wannan naci nasu ne ya sa juzu'i na 5 zuwa na 7 na littafin lissafin Abuloniyas suke nan yau da Larabci alhali na Girkancin ya tafi, na 8 kuwa ba a kowane harshe.

Kuma ƙofar bata rufe ruf ba, ko da yake bana so ka rataya zuciyarka a nan. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu Turawan Ingila biyu, Giranfel da Hant, suka fara tonon jujin wani tsohon gari a Masar, Oksirinkas, wanda ake kira Bahnasa yanzu. Juji fa, inda mutane ke zubar da shara. Suka kwaso guntayen takardu wajen rabin miliyan, har yau ana kan karantawa ba a ci rabi ba, yawanci rasit ne da wasiƙu da takardun haraji amma a ciki aka samu baitocin Safo, aka samu babban yanki na wani wasan Sofokilis ɗinka da ba a san shi ba sai suna, aka buga a 1912. Littafin Aristo kan tsarin mulkin Atina a bayan takardun lissafin wata gona aka same shi a Masar, aka buga 1891. Wani littafin Arkimidis masanin lissafi kuwa kankare shi aka yi a 1229 aka rubuta addu'o'i a kan fatar, sai a 1906 wani masani ya hango tsohon rubutun a ƙarƙashi a Istanbul, kenan wanda ya goge shi shine ya adana shi bai sani ba. A Nineba, tsohon birni a Iraƙi ta yau, wutar da ta ci fadar a 612 kafin miladiyya ita ta gasa allunan yumɓu suka ƙara ƙarfi, daga cikinsu Joj Simit ya karanto labarin ruwan ɗufana na Gilgamesh a 1872 bayan an manta da labarin kusan shekara dubu biyu. Sannan ga naɗaɗɗun takardun garin Hakulaniyam na Italiya da dutse mai aman wuta ya mayar gawayi a shekara ta 79 miladiyya, wajen 1,800 aka tono tun daga 1752, in ka taɓa su sai su marmashe, a 2023 wani ɗalibi ɗan shekara 21 ya yi amfani da hoton na'ura da kwamfuta ya karanto kalmar farko daga cikin wanda ba a buɗe ba, kalmar kuma sunan launi ce, shunayya. Yawancin abin da aka karanta cikin takardun nan na wani malamin falsafa ne Filodimas wanda, in faɗa maka gaskiya, ba shi mutane ke mafarkin samu ba. Haka abin yake, juji ba ya tambayarka me kake so.

Yanzu mu zo kan abin da nake ganin shine ainihin ciwon, wanda ka saka a layi ɗaya can ƙasa kamar ba komai ba. Ka daina rubuta waƙa. Ƙanena, inaga ba Sofokilis kake wa makoki ba sosai, tsoro ne ya kama ka cewa abin da kake yi ba zai dawwama ba, sai ka samu manyan matattu ka ɓuya a bayansu. To ba zai dawwama ba ɗin, mai yiwuwa, nawa ma haka. Ni na taɓa rasa rubutun shekara uku a kwamfuta ɗaya da ta mutu dare ɗaya ban ajiye kwafi a ko'ina ba, babu Kaisar babu gobara, sakacina ne. Amma ka tuna yadda su Sofokilis ɗin suke aiki, wasa ake rubutawa don bikin shekara a Atina, a nuna shi rana ɗaya a gaban mutanen gari, a ba da kyauta a watse. Mutumin ya kai shekara 90 yana wannan, kuma wasansa na ƙarshe bayan ya mutu aka nuna, jikansa ne ya tsaya a kai. Ban ga alamar yana rubutu don wani saurayi mai waya a hannu bayan shekara 2,400 ba, mutanen da ke zaune a gabansa yake wa. Wasannin nan sama da ɗari da kake kuka a kai an kalle su, an yi kuka an yi tafi, wasu sun koma gida suna maimaita baitocin. Mu ne bamu samu ba, kuma mu ba mu ne ma'aunin ko abu ya yi amfani ba.

Littafin lissafin nan naka kar ka yaga shi, amma ka daina buɗe shi da dare, dare na ƙara wa komai nauyi. Ka ajiye wayar nesa da gado. In ya kai ga abinci baya shiga ko aiki ya gagara ko ka ga baƙin cikin ya bar littattafai ya bazu kan komai, to wannan ba maganar Girkawa ba ce kuma, ka je ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Maiɗakinka kuma da tace ka nemi abin yi, kar ka ji haushinta, wata huɗu tana kallon mijinta yana ta'aziyyar mutanen da bata taɓa jin sunansu ba, ai ta yi haƙuri. Ka karanta mata waƙa ɗaya cikin naka, ka rubuta mata kwafi da hannunka ta ajiye, ka tura wa wani aboki ɗaya ko biyu. Da ma haka aka yi ta yi tun farko, kwafi a hannu fiye da ɗaya.

Sai tambayata ta farko. In amsar ɗaya ce ko babu, to kaza ce ta kwana kan dami. Bakwai ɗin nan duk gajeru ne, kowanne za ka gama shi a zama ɗaya ko biyu, an fassara su zuwa harsuna da yawa har da Larabci, kuma tsofaffin fassarorin kyauta suke a intanet. Ka fara da Antigoni, labarin yarinyar da sarki ya hana a binne ɗan'uwanta ta ce sai ta binne shi, inaga a halin da kake ciki zai maka magana fiye da yadda kake zato. In ka gama ka sake rubuto min, ina so in ji ko ka tsani sarki Kiriyon ɗin, don ni a karatun farko na tsane shi, a na biyu kuma tausayinsa ya kama ni har na rasa bayan wa nake.